Ranar da Masu Ciki Ba Su Zo Awo Ba

Har gobe ban manta da wata ranar Litinin da na buɗe asibiti na zauna jiran masu ciki, har rana ta take ko mace ɗaya ba ta leƙo ba. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan baya za ku ce ai hutu ne Allah Ya kawo, in kun samu irinsa sai ku miƙe ƙafa ku hau latsa waya. Ni kuwa na daɗe ina aikin ungozoma a garin nan na Maiduguri, na karɓi haihuwa a kan tabarma, na karɓa a cikin Keke mai ƙafa uku, na ga jini har ya daina ɗaga min hankali, amma ban taɓa jin tsoro irin na wannan safiyar ba.

A lokacin ni ce inchaj, wato shugabar ma'aikata, a wani ƙaramin asibitin unguwa can bayan Lamisula. Irin asibitin nan ne na matakin farko da ke ƙarƙashin ƙaramar hukuma: ɗakin awo, ɗakin haihuwa, ɗakin magani, sai rumfar kwano inda mata ke zama. Ba mu da likita. Abin da ya fi ƙarfinmu, takarda muke rubutawa mu tura babban asibiti. Litinin ce ranar awo, kuma tun kafin in iso daga Mairi inda nake zaune, rumfar nan ta cika ta batse da matan Kanuri da laffayarsu da ƙamshin turaren wuta, da matan Shuwa, da matan Hausawa 'yan kasuwa, da waɗanda rikici ya koro daga ƙauyukan bakin tafki. Sai na yi tsawa na sake yi kafin a ji abin da nake cewa.

Ga wanda bai san aikin ba, awo shi ne duba lafiyar mai ciki da abin da ke cikinta lokaci zuwa lokaci: a ɗora ta a sikeli, a auna jininta ko ya hau, a duba fitsari, a saurari bugun zuciyar ɗa. Duk abin da aka gani a kati ake rubuta shi, kuma matar ce ke tafiya da katin gida, don ko naƙuda ta kama ta a wani wuri, duk ma'aikacin da ya buɗe shi zai san tarihinta. Wadda muka ga cikinta na da haɗari sai mu yi wa katinta jan zane a kusurwa. Da yake mata sun iya mantuwa, yau an bar kati a gidan biki, gobe yaro ya yaga, sai na kafa doka: ba kati, ba awo. Na faɗe ta da Hausa, na sa aka faɗe ta da Kanuri da Larabcin Shuwa, na yi ta maimaitawa har yaran unguwa suka riƙa tsokanata da ita a hanya. Dokar kuwa ta yi aiki, don mace ta gwammace ta manta ɗankwalinta da ta manta katin Sista Hauwa, wato ni.

To, katin nan ba ƙaramar hukuma ke buga mana shi ba, an daɗe da daina aiko mana. Ɗan majalisar jiha mai wakiltar mazaɓarmu, wanda kowa ke kira Onarabul, shi ya ɗauki nauyin bugawa. Da yake ɗan siyasa ba ya kyauta a ɓoye, sai ya sa aka buga hotonsa a bangon katin yana murmushi, ga alamar jam'iyyarsa a ƙasa. Kuma ba kati kaɗai ba. 'Yar ledar da muke zuba wa mata ƙwayoyi da fuskarsa take, haka gidan sauron da muke rabawa, haka zannuwan gadonmu, ga wani ƙaton zanensa a jikin katangarmu ta waje. A gidajen unguwa kuwa, bokiti, buta, labule, agogon bango, atamfar anko, duk shi ne. Mutane ma sun daina kiran asibitin da sunansa na gwamnati, sai dai asibitin Onarabul. Na taɓa kai ƙorafi wurin shugaban sashen lafiya na ƙaramar hukuma, na ce, ranka ya daɗe, asibitin gwamnati ne fa, bai dace a mai da shi kamar ofishin jam'iyya ba. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Inchaj, kina da wani katin ne a jakarki?" Ba ni da shi, sai na tashi na fito.

Ana cikin haka Allah Ya yi wa Onarabul rasuwa bayan 'yar gajeruwar jinya. Idan ɗan majalisa ya rasu a kan kujera, akan sa ranar zaɓen cike gurbi a mazaɓarsa kaɗai. Jam'iyyar marigayi ta tsayar da wani da mutanen unguwa ba su sani ba, ta hana na hannun daman marigayin takara, shi kuwa ya yi fushi ya koma jam'iyyar adawa. Aka yi zaɓe wata Asabar cikin tsananin zafin bazara, ran Lahadi aka ce wanda ya sauya sheƙar ne ya ci. Kujerar da ta yi shekara da shekaru a hannun jam'iyya ɗaya ta suɓuce. Ni ban damu ba, tunda ba kujerata ba ce. A rediyo na ji ina tankaɗe, na ce Allah Ya sa haka shi ya fi alheri, na ci gaba da abin da nake yi.

Wadda ta dame ni a lokacin wata baiwar Allah ce mai suna Falmata, matar Modu mai sayar da bandar kifi a kasuwar Baga Road, wanda kuma shi ne shugaban matasan jam'iyyar marigayi a unguwar. Falmata ta yi ciki sau uku ba ta taɓa jin kukan ɗanta ba. Da ciki ya yi nisa sai jininta ya hau, ɗan ya mutu a ciki. Wannan karon tun yana ƙarami na kama ta na riƙe. Na ɗora ta a kan maganin hawan jini, na yi wa katinta jan zane, na ce duk mako ta zo in gan ta, kuma mun yi magana da babban asibiti za su kwantar da ita idan lokaci ya matso. Cikin ya shiga wata na takwas, bai taɓa kaiwa haka ba. Mace ce mai kunya da yawan dariya, kullum da 'yar bandar kifi take zuwa wai in kai wa yara, ni kuma kullum sai na yi mata faɗa sannan in karɓa. Ba zan ɓoye muku ba, na sa cikin nan a raina kamar na 'yar cikina.

Washegarin da aka faɗi sakamako na ga Falmata a wurin awo, jininta lafiya lau. Alhamis da Juma'a aka kira mu shugabannin ƙananan asibitoci bita a sakatariya, na bar wurin a hannun mataimakiyata Rifkatu, wata 'yar kudancin Borno, ma'aikaciyar lafiyar al'umma mai ƙoƙari. Ta bugo min waya ta ce Juma'a ba mutane sosai, na ce mata dama Juma'a haka take. Sai Litinin ta zagayo.

Tun a cikin Keke na fara lura. Daga bakin titi har cikin lungu, duk bangon da na saba ganin fastar marigayi an kankare ta, an manna ta sabon ɗan majalisa. Shagon mai shayi da ke da labule mai alamar tsohuwar jam'iyya, ranar ƙofarsa a buɗe take ba labule. Mutanen da ke zaune a gindin darbejiya su ne dai na kullum, hulunansu ne suka canza. Wannan bai ba ni mamaki ba, in kiɗa ya canza rawa ma canzawa take, mun sha gani. Abin da ya tsinka min zuciya shi ne da na sauka a ƙofar asibiti ban ji hayaniya ba.

Rumfa wayam. Benci a jere kamar yadda aka share aka bar su, ko takalmin mutum ɗaya babu a bakin ƙofa, mai sayar da awara da ke zama a gefen katanga duk Litinin ita ma ba ta fito ba. Ku da ba ku zauna garin nan a shekarun tashin hankali ba, ba za ku gane abin da shiru ke yi mana ba. A wancan zamanin in ka fito ka ga layi tsit, yara ba sa wasa, to mutane sun san abin da kai ba ka sani ba, kuma gara ka koma ciki ka rufe ƙofa.

Maigadinmu Baba Goni, wani dattijon Kanuri da ya riga ni zuwa asibitin, yana shara a tsakar gida.

"Nda watu, Hajiya," ya gaishe ni da Kanuri bai ɗago ba.

"Kalewa, Baba Goni. Lafiya unguwa kuwa? An ji wani abu ne?"

"Ba a ji komai ba, Hajiya. Lafiya lau."

"To ina mutane?"

Ya taɓe baki ya ci gaba da shararsa. Da na juya sai na ga katanga. An shafe zanen Onarabul da farar ƙasa, shafa ɗaya ta gaggawa, kuma farar ƙasar ba ta rufe shi ba. Hula ta ɓace, babbar riga ta ɓace, amma idanun nan da haƙoran murmushi suna nan suna leƙowa ta ƙarƙashin farin. Mutumin da na je gidansa ta'aziyya, ga shi yana kallona ta cikin bango. Na yi a'uziyya na tambayi wanda ya yi wannan aikin. Baba Goni ya ce samari ne suka zo da bokiti, ba su nemi izinin kowa ba.

Na shiga na tarar Rifkatu ta shirya komai, sikeli da abin auna jini da kwalaben fitsari. Muka zauna muna kallon ƙofa. Ba abin da ake ji sai gurnanin firjin allurar rigakafi da ƙarar ƙadangare a kan kwano. A ɗakin haihuwa gadajen nan an shimfiɗa musu zannuwa tsaf, kowanne da fuskar marigayi a daidai inda mace ke sa kai. Rifkatu ta ce, "Mama, ko in cire zannuwan nan? Gaskiya tsigar jikina tashi take." Na ce mata ta bar su, matacce ba ya cizo. Amma ni ma na gyara kujerata yadda ba zan gan su ba.

Da hantsi ya yi sai na hango Ya Kaltum za ta wuce ta bakin ƙofa, matar da duk 'ya'yanta a hannuna suka faɗo, kuma ita ma a lokacin da ciki take. Na fito na kira sunanta. Ta ji ni sarai, don na ga ta ɗan tsaya. Sai ta ja laffaya ta rufe rabin fuskarta, ta ƙara sauri ta shige lungu. Matar da ko a kasuwa ta gan ni sai ta durƙusa. Na tsaya a bakin titi da farar rigata kamar wadda ta ɓata hanya, ina tambayar kaina ko wani ya mutu a hannunmu ne ran Juma'a aka ɓoye min, ko an yaɗa wata jita-jita a kan allurarmu irin wadda aka saba.

Ina komawa ciki iska ta taso daga bayan katanga, mai zafi, da wani warin ƙonanniyar roba, ta watso wasu baƙaƙen gutsattsarin takarda a tsakar gidan da aka gama sharewa. Sai a lokacin na gane abin da Baba Goni ke ta sharewa tun safe ke nan. Na sunkuya na ɗauki guda. Gefensa duk ya ƙone, saura ido ɗaya na marigayi da rabin hula. Na juya bayansa sai na ga rubutun hannuna, ga jan zane a kusurwa.

Na miƙa wa Baba Goni na ce, "Baba, ka ji tsoron Allah ka gaya min abin da ya faru."

Ya jingina tsintsiya da bango, ya dubi ƙofa, sannan ya rage murya. Ya ce ran Alhamis da la'asar, bayan an tashi aiki, aka yi taro a filin ƙwallo da ke bayanmu. Duk manyan tsohuwar jam'iyya na unguwa sun koma wurin sabon Onarabul. Mutanensa kuwa suka ce ba za su karɓi kowa da fatar baki ba, tunda jiya-jiya su ne ke zaginsa a lasifika. Wanda ya dawo da gaske, ya kawo duk abin da ke gidansa mai alamar tsohuwar jam'iyya a ƙona a gaban jama'a. Wannan al'ada ce ta 'yan siyasa, kowa ya sha gani a talabijin, masu sauya sheƙa su tara huluna da tutoci su cinna wuta ana tafi. Amma na unguwarmu so suke tulinsu ya fi na kowace unguwa girma, sai aka tura shugabannin mata suka bi gida-gida da buhuna.

Na ce, "Har da katin awo?"

"Hajiya, akwai fuskarsa a jiki ko babu?"

"Magani fa?"

"Ledar da fuskarsa take."

"Kai kuma me ya hana ka faɗa min tun da na shigo?"

Ya ce, "Ɗana yana cikin masu ɗaukar buhun. Ke Mairi za ki koma, ni a unguwar nan nake kwana."

Sai komai ya fito min fili. Mata sun ƙona kati, ni kuma na ce ba kati ba awo, to da wace fuska za su zo? Ga shi kuma asibitin na Onarabul ne a bakin kowa, duk wadda aka gani a ƙofarsa za a ce mijinta bai sauya da zuciya ɗaya ba. Ban san ko gutsuren da ke hannuna na Falmata ba ne, don sunan ya ƙone, amma ita ta faɗo min a rai. Na ƙirga, tun Alhamis ke nan ba ta shan magani. Na ɗauki jakar gaggawa, na sa allurar hana jijjiga a ciki, na ce wa Rifkatu ta riƙe asibiti, Baba Goni kuma ya nemo Keke ya biyo ni gidan Modu.

Hanyar ta gefen filin ƙwallo take. A tsakiyarsa wani ƙaton baƙin da'ira, awaki na ta shinshinawa. Bokitai sun narke sun manne da juna, bakin butoci na leƙowa daga cikin toka, ga ƙarafan agogon bango, ga takardun ƙwayoyi masu ƙyalli barbaje suna walƙiya a rana, wasu ko ɓallewa ba a yi ba. Maganin da nake zuwa sakatariya in yi roƙo in yi rigima kafin a ba ni. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma ban tsaya ba.

Na sha shiga gidan Falmata, gida ne mai tsafta da ƙamshi. Ranar kuwa, da na yi sallama ba wanda ya amsa. Ba labule a zaure, ba bokiti a bakin famfo, ba buta, igiyar shanya ba komai, a bangon rumfa sai farin zagaye inda agogo yake a da. Kai ka ce gidan da aka yi rasuwa aka raba gado. Ɗakinta a rufe da rana tsaka. Na tura na same ta kwance a ƙasa a kan 'yar katifa, cikin duhu.

Da ƙyar na gane ta. Fuska ta kumbura ta rufe idanu, zoben hannunta ya nutse cikin nama.

"Sista, ke ce?" ta ce. "Ina jin muryarki, amma kamar a cikin hayaƙi nake ganinki. Ki rufe ƙofar, haske na sara min kai."

Na ɗaura mata abin auna jini. Abin da na gani ya sa na kwance na sake ɗaurawa, ina fatan na'urar ce ta lalace. Ba ita ba ce. Na ɗora ƙahon sauraren ciki na kasa kunne, na matsa nan, na matsa can, ba abin da nake ji sai bugun jinina a kunnena. Na tambaye ta yaushe rabon da ta ji motsi, ta ce tun jiya da hantsi.

"Falmata, me ya hana ki zuwa? Ko ki aiko min?"

"Na ɓoye katin a ƙarƙashin katifa, Sista. Da suka shigo Baban gida ya ce in fito da shi, wai shi ne shugaba, in aka ga abu ɗaya a gidansa ya gama yawo. Na ce to a bar ni in juye maganin a hannuna su ɗauki leda. Shugabar matan ta ce duk na tsohuwar tafiya ne, sabon Onarabul zai kawo wanda ya fi shi." Ta numfasa. "Na so in zo. Na ce in na zo ba kati za ki kore ni a gaban mutane."

Tana rufe baki idanunta suka juye, haƙora suka datse, jiki ya ɗauki rawa. Wannan shi ne jijjigar masu ciki, wadda wasu ke kira taune-taune, kuma tana kisa nan take in ba a yi sauri ba. Na juya ta a kan gefenta, na kare kanta daga bango, na jira ta lafa, na yi mata allura a jijiya da ɗuwawu kamar yadda ƙa'ida ta ce. Na leƙa waje na ƙwala kiran maƙwabta. Matan da tun safe ba a ga ƙeyarsu ba sai ga su sun cika tsakar gida, Ya Kaltum a gaba, ita ta riƙe ƙafafun Falmata har cikin Keke tana kuka ba sauti.

A babban asibiti ba su ɓata lokaci ba. Likitan da ya karɓe mu ya tambayi katin awo, na ce ni ce katin, na zayyana masa tarihinta da ka. Aka shiga da ita tiyata. An ceto Falmata, bayan ta yi kwanaki ba ta san inda take ba. Abin da ke cikinta kuwa mace ce, ta cika sura har da gashi, amma rai ya riga ya fita tun kafin mu iso.

Modu ya zo muna baranda. A gidan sabon ɗan majalisa waya ta same shi, wurin taya murna, sabuwar hularsa ko lanƙwasa ba ta gama yi ba. Na tanadar masa maganganu tun a Keke, kuma ban rage masa ko ɗaya ba. Na ce shi da ya binne uku ya fi kowa sanin abin da ƙwayar nan take yi wa matarsa. Na ce ko jaki ya san abin da zai taka da wanda zai tsallake. Ya zauna a ƙasa, ya cire hular ya riƙe a hannu, ya ce, "Hajiya, ni kifi nake sayarwa. Rumfata a kasuwa marigayi ne ya sa baki aka ba ni. Ran Lahadi da yamma aka fara ce min akwai masu sonta. Na ce in ban nuna na dawo ba, da me zan yi mata suna? Wallahi na ɗauka kwana biyu ne, za su kawo nasu." Na dube shi, haushina bai tafi ba, amma na rasa inda zan sauke shi. Da aka miƙo masa gawar a naɗe cikin zane, sai da wata ma'aikaciya ta nuna masa yadda ake riƙe jariri.

Washegari ban jira kowa ba. Na je wurin Bulama, wato mai unguwa, na ce ya sa a yi shela a masallatai cewa asibiti na gwamnati ne, kuma duk mai ciki ta zo ko da kati ko babu. Ni da Rifkatu muka bi gida-gida muna kamo mata, muna sake auna su daga farko. Muka yayyanka kwalayen magani muka ja musu layi da biro, suka zama kati. Ƙwayoyi kuwa a farar takarda muke naɗewa kamar masu sayar da ƙuli-ƙuli. Na rubuta rahoton abin da ya faru na kai wa shugaban sashe. Ya karanta ya yi salati, ya ce abin ba daɗi, zai kai gaba. Ban sake jin maganar ba.

Damina ba ta ƙare ba sai ga mota ta tsaya a ƙofarmu da katan-katan. Sabbin katunan awo ne daga sabon Onarabul, takarda mai kyau mai santsi, ga hotonsa a bango yana murmushi, ga alamar jam'iyyarsa a ƙasa. Na buga wa shugaban sashe waya na ce ba zan karɓa ba. Ya ce, "Inchaj, ke ma'aikaciyar gwamnati ce, shi kuma ɗan majalisa ne mai ci. Ki sa hannu." Na sa hannu. Kwalayenmu dama sun fara yagewa, kuma ba a ƙirga aikin asibiti da kwalin magani idan masu duba aiki sun zo.

Bayan fiye da shekara Falmata ta dawo da wani cikin. Ta rame, dariyar nan ta ragu, amma ba ta fasa zuwa da bandar kifinta ba. Na auna ta, na ɗauko sabon kati na rubuta sunanta, na yi masa jan zane na miƙa mata. Ta riƙe shi ta daɗe tana kallon fuskar da ke jiki, sannan ta ajiye min a kan tebur a hankali.

"Sista, wannan ma wata rana zai faɗi," ta ce. "Ki rubuta min a irin kwalin nan naki, wanda ba fuskar kowa."

Na rubuta mata a kwali, na ajiye mai hoton a aljihun teburina don masu duba aiki. Wannan cikin an kwantar da ita da wuri, ta samu ɗa namiji, yana nan yana gudu a unguwa.

Abin da nake so ku ɗauka daga labarin nan ba mai yawa ba ne. Mutanenmu ba wawaye ba ne, talakawa ne da abincinsu ke hannun mai kujera, kuma idan kujera ta juya dole su juya da ita, da sauri, a gaban idon kowa. Mu ne bai kamata mu juya ba. Duk abin da ran mutum ya rataya a kansa, kar ku bari ya fita daga hannunku da tambarin wani a jiki, in an tilasta muku ku juye maganin a farar takarda. Duk dokar da kuka kafa kuma, ku sani akwai mai jin tsoronku da za ta riƙe ta fiye da yadda kuke nufi. Mace in ta zo ba kati ku auna ta tukuna, faɗan ya biyo baya, ni ma har na yi ritaya ban daina faɗan ba. Ina faɗa muku ne don na ga abin da ya jawo. Da yarinyar nan ta Falmata ta rayu, da bana uwarta za ta riƙe hannunta ta kai ta makaranta.